Yau Ragi, Gobe Ci: Yadda Ake Rage Ƙiba da Tsallaken Rana

Tsarin a baki ba shi da wuya. Yau ka ci rubu'in abin da jikinka ke buƙata, gobe ka ci abincinka yadda ka saba, jibi ka sake ragewa, gata ka koma ci, haka za ka yi ta tafiya. Ana auna abincin da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mace baliga mai matsakaicin kai-komo tana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana, namiji wajen 2,500. Ke nan a ranar ragi mace za ta tsaya a 500, namiji a 600 ko ɗan sama da haka. Abin da ke jan mutane gare shi shi ne takurar ta yini ɗaya ce. Duk abin da ranka ya biya yau kana iya ce masa ya jira gobe.

Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, don mun san azumin Annabi Dawud, alaihis salam, na yin yini a sha yini. Amma kada a haɗa su a kwando ɗaya. Wancan ibada ce mai niyyarta da hukunce-hukuncenta, ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma bayan an sha ruwa babu wanda ya ƙayyade maka yawan abin da za ka ci. Wannan kuwa ana shan ruwa a cikinsa yini zur, dole ma ne a sha, sannan ƙayyade abincin shi ne gaba ɗayan aikin. Shi ya sa za ka ga mai azumin Litinin da Alhamis shekara da shekaru tumbinsa na nan daram. In ya yi buɗa-baki da kunu mai sukari da ƙosai da soyayyar doya da ƙwai, ya ɗora tuwo bayan Isha'i, to ya ci abincin yini guda cikin awa uku.

A fagen bincike sunan da aka fi jingina tsarin gare shi shi ne na Farfesa Krista Varady ta Jami'ar Illinois da ke Shikago a Amurka. A wani ɗan gwaji da ta wallafa a 2009, mutum 16 masu ƙiba sun bi tsarin mako 8, suka rage kilo 5.6 a matsakaici. Labari mai daɗi, sai dai mutanen kaɗan ne, lokacin ma gajere. Gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda ita da abokan aikinta suka fitar a 2017 a mujallar JAMA Internal Medicine. Mutum 100 aka bi har shekara guda. Wasu suka yi tsallaken rana, wasu suka riƙa rage rubu'in abincinsu kullum, wasu aka bar su yadda suke. Da shekara ta zagayo, 'yan tsallaken rana sun rage kimanin kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, masu ragewa kullum kashi 5 da ɗoriya. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda aka ga bambanci shi ne wajen gudu: kashi 38 cikin 100 na 'yan tsallaken rana sun ajiye kafin a gama, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 29. Waɗanda suka tsaya ma, da yawansu a hankali suka riƙa cin fiye da abin da aka yanka musu a ranar ragi.

To ka shiga da idonka biyu. Tsarin yana aiki, amma ba wani asiri a cikinsa da ke narka kitse fiye da sauran hanyoyi. Jimillar abin da ka ci a mako ce ke raguwa, shi ke nan. Ya dace da mutumin da auna abinci kullum ke gundurarsa, wanda ya gwammace ya sha wuya yau ya huta gobe. Wanda yunwa ke sa shi faɗa da kowa a gida, gara ya nemi wata hanyar.

Ga lissafin, don a kansa komai ya rataya. Mai buƙatar 2,000 a rana yana buƙatar 4,000 a kwana biyu. In ya ci 500 yau, gobe 2,000, ya bar giɓin 1,500. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700, saboda haka a mako zai iya rage rabin kilo da 'yan kai. Amma in ya tashi ranar ci da niyyar ramuwa ya kai 3,000, giɓin ya koma 500 kacal. In ya kai 3,500, ya yi wahalar banza. Kuma 3,500 ba ta da wuyar kaiwa a ranar da aka yi suna a maƙwabta.

Waɗanda bai kamata su fara ba

Mai ciki da mai shayarwa babu ruwansu da wannan, haka yaron da bai kai shekara 18 ba, da tsohon da ƙarfinsa ya ja baya, da wanda dama siriri ne. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide shi ne ya fi kowa shiga hatsari, don maganin zai ci gaba da sauke sugan jini ko da babu abinci a ciki, har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kada ya taɓa tsarin nan sai likitansa ya daidaita masa maganin. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai shan maganin hawan jini, da duk mai maganin da aka ce sai an ci abinci za a sha, su ma su fara da ɗakin likita. Akwai kuma wanda ya san halinsa da abinci: ya ƙi ci kwana biyu, ya zo ya ci har ya rasa inda zai sa kansa, ya koma yana jin haushin kansa. Tsallaken rana ƙara rura masa wutar zai yi.

Sai masu aikin ƙarfi. Manomi a tsakiyar damina, lebura, ɗan dako, mai tura kurar ruwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Su in ma suna da teɓar da za su rage, su rage mai da sukari a abincin kullum ya fi musu.

Kafin ranar farko

Ka tabbata da abin ragewa. Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar ko sisi: ka sami igiya ka yanke ta daidai tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakin biyu suka haɗu, kitsen cikinka bai wuce ƙima ba. In suka ƙi haɗuwa, akwai aiki. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Likitoci kuma suna da ma'aunin BMI: ka raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita, ka sake raba amsar da tsawon. Daga 25 an fara nauyi, daga 30 ƙiba ce, ƙasa da 18.5 kuma rama ce.

Ka hau sikeli da safe kafin ka ci komai, ka rubuta. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka, shi ma ka rubuta. In da hali ka leƙa asibiti ko kemis a gwada maka jini da suga, don mutane da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba.

Sannan ka zaɓi ranaku. Tsallake na ainihi yana sa ranakun su riƙa juyawa, tunda kwanakin mako bakwai ne: wannan makon Litinin ta ragi ce, mako mai zuwa ta ci. Ni na fi son a tsayar da ranaku uku da ba sa maƙwabtaka, misali Lahadi da Talata da Alhamis, a bar Juma'a da Asabar, tunda su ne ranakun ɗaurin aure da ziyara. Wanda ke jin tsoro ya fara da kwana biyu a mako, ya ƙara na uku bayan mako biyu.

Ranar ragi

Kalori 500 na iya cika faranti, tana kuma iya ƙarewa a cikin kofi ɗaya. Ya danganta da abin da ka zaɓa. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Cokali huɗu sun kusa cinye kason yinin gaba ɗaya, ga shi a girkinmu ba da cokali ake zuba mai ba, daga bakin galan ake tuttulawa. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne. Robar lemon kwalba ta rabin lita ta kai 200. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta haura 150, kuma wa ya taɓa tsayawa a tafi ɗaya? Kofin dafaffiyar shinkafa wajen 200. Babbar malmalar tuwo ita kaɗai tana iya kwashe fiye da rabin kasonka tun kafin a zuba miya. Zama ɗaya a teburin mai shayi, da haɗin kauri da burodi da wainar ƙwai, ya wuce 500 nesa ba kusa ba.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Dafaffen ƙwai wajen 75 ne. Kofin dafaffen wake wajen 200, amma yana zama a ciki fiye da shinkafa. Giram 100 na gasasshiyar karfasa bai kai 130 ba. Lemon zaƙi ɗaya wajen 60. Kankana giram 100 kalori 30 ce, kabeji 25, kokwamba 15. Yalo da gauta da tumatir da latas da alayyafo, waɗannan ka ci har ka gaji ba za su ɓata maka lissafi ba.

Dabarar ke nan: abinci mai gina jiki, ga ganye mai yawa, mai kuma a auna shi da ƙaramin cokali. Ga yadda yini ɗaya zai iya kasancewa. Da safe ruwa da baƙin shayi ba sukari, in kana so ka jefa citta ko na'ana'a. Bayan Azahar dafaffen ƙwai biyu, da kwano cike da yankakken kabeji da kokwamba da tumatir da albasa, a matsa lemon tsami a barbaɗa ɗan gishiri da yaji. Wannan wajen 200 ne. Bayan Magariba farfesun kifi, gunduwa biyu matsakaita da romo mai yawa, a yi shi da ƙaramin cokalin mai ɗaya ko ma babu, a ɗora dafaffen alayyafo ko zogale a gefe. Wannan bai kai 300 ba. Ka ci sau biyu, ka sha romo mai zafi, ba ka tsallake iyaka ba. Ranar da babu kuɗin kifi, kofin wake da alayyafo da ƙwai ɗaya da lemon zaƙi ya yi.

A yi hattara da abincin da ake wa kallon mara laifi. Kwaɗon zogale ganye ne, gaskiya, amma ƙuli-ƙulin da man da ake kwaɗa shi da su suna iya ninka kalorinsa sau da yawa. Ka sa cokali ɗaya na garin ƙuli, ka bar man. Awara tana da kyau in an dafa ta cikin miya, in aka soya kuwa ta sha mai. Alale ya fi ƙosai saboda wannan dalilin. Zoɓo ba laifi in babu sukari. Fura da nono da kunun gyaɗa a bar su sai gobe.

Ko a ci kason a zama ɗaya ko a raba shi, wannan zaɓinka ne. Ɗaliban Varady sun gwada a 2014: wasu suka ci da rana, wasu da dare, wasu suka rarraba, kuma nauyin da suka rage ya yi kusa da juna. Wanda yunwa ke hana shi barci ya ajiye kaso mafi tsoka zuwa dare.

Yunwar ba ta hawa a miƙe. Takan taso a lokutan da ka saba cin abinci, ta matsa maka na ɗan lokaci, ta lafa. In ta taso ka sha ruwa kofi biyu ko shayi mai zafi, ka tashi ka kama wani aiki. Ranar ragi ta fi sauƙi ga wanda ke da abin yi, zaman banza kusa da madafa shi ke karya mutane. Makonni biyun farko su ne masu wuya: ciwon kai, kasala, saurin fushi, jin sanyi, warin baki, wani lokaci maƙarƙashiya. Yawanci sukan ragu daga baya. Ciwon kan sau da yawa na ƙarancin ruwa ne, don wani kaso na ruwan da jiki ke samu daga abinci yake zuwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ka ƙara ruwan sosai, ka kuma duba fitsarinka: in ya yi duhu, ba ka sha isasshe ba.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, gani dishi-dishi, ruɗewa, ko jiri har ka ji za ka faɗi. In ka ji haka ka sha wani abu mai zaƙi nan take, ka ci abinci, yinin ya ƙare ke nan. In abin ya maimaita, ka ajiye tsarin ka ga likita. Direba da mai aiki da inji su fi kowa kiyaye wannan.

Ranar ci

A nan ake cin riba ko a faɗi. Ɗan kasuwar da ya ƙi taɓa cinikinsa ranar Talata, ya wayi gari Laraba ya kashe na kwana biyu, bai tara komai ba. An ce ka ci yadda ka saba, ba a ce ka rama ba. Ka karya da abu mai riƙe ciki, kamar ƙwai ko wake ko alale da koko mara sukari da yawa. Ka ci tuwonka da rana ko da dare, malmalar da ka saba, miya ta fi tuwon yawa. In ana rabon waina ko tsire ka ci rabonka, ba haramun ba ne. Abu biyu kawai nake ba da shawarar a rage ko a ranar ci: lemon kwalba da soye-soye tsakanin abinci. Su ne ke cike giɓin jiya ba tare da ka ji ka ƙoshi ba.

Kada ka yi wasa da abinci mai gina jiki a wannan rana, wato nama da kifi da ƙwai da wake da nono. Jikin da ke rage nauyi ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka. A 2021 masu bincike a Jami'ar Bath da ke Ingila sun gwada mutane marasa ƙiba na mako 3. Waɗanda suka riƙa yini ba su ci komai ba, washegari su ci da yawa, kusan rabin abin da suka rasa ne kawai kitse. Waɗanda suka rage abinci kullum kuwa kusan duk abin da suka rasa kitse ne. Shi ya sa ban ga amfanin mayar da 500 ɗin sifili ba, ko da mutum na jin zai iya. Ka kuma motsa jiki: tafiyar minti 30 da sassarfa kowace rana, ko a ranar ragi ba ta gagara, sannan abin da ke sa tsoka aiki, kamar tsuguno da miƙewa ko ɗaga wani abu mai nauyi, sau biyu ko uku a mako a ranakun ci.

Gida da jama'a

A wurinmu abinci ba lamarin mutum ɗaya ba ne. Ana ci a tire ɗaya, ana kawo wa baƙo, ana jin ciwo in aka mayar da kwano yadda aka kawo shi. Saboda haka ka gaya wa mai girki tun kafin ka fara, ka kuma roƙi a ɗebar maka miya ko romo kafin a zuba mai. Uwargidan da ke bin tsarin ita ce ta fi shan gwaji, don hannunta na cikin tukunya yini guda. Ɗanɗanon gishiri sau biyar, ragowar abincin yara, ƙanzon da ake jin asarar zubarwa, duk suna shiga lissafi. Ki haɗa naki kwanon tun da safe ki rufe, ki san shi ne rabonki.

Maigida mai mata biyu kuma ya buɗe kunne. In rabon kwana ɗaya-ɗaya ake yi a gidanka, ka kuma bi tsallake na ainihi, ranar raginka za ta riƙa faɗawa kan girkin mace ɗaya kullum. Wannan ta yi tuwo ka ce ka ƙoshi, waccan ta yi ka suɗe kwano. Ba sai na faɗi abin da zai biyo baya ba. Tsayayyun ranakun mako suna warware wannan, don wannan makon za su faɗa kan ɗaya, mako mai zuwa kan ɗayar. Inda ake kwana bibbiyu kuwa kowacce za ta sami ranar ragi ɗaya da ranar ci ɗaya.

In biki ya faɗo a ranar ragi, ka musanya ranar da ta gobe. Kada dai ka jera ranakun ragi biyu don biyan bashi. Ka kuma shirya wa tambaya, don da ka fara faɗawa za a soma cewa, “Lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunka?” Har yanzu da yawanmu na ɗaukar teɓa alamar hutu, rama kuma alamar ciwo ko talauci.

Abin da sikeli zai nuna

Makon farko kana iya ganin kilo 1 ko 2 sun tafi. Kada ka yi saurin murna, yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye wani suga a hanta da tsoka, kowane giram da ruwa wajen giram uku tare da shi, kuma shi ake fara ƙonewa. Haka nan washegarin ranar ci za ka ga nauyi ya ɗan hau. Wannan ruwa ne da abincin da ke cikin hanji. Mai hawa sikeli kullum zai wahalar da ransa a banza. Sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, lokaci ɗaya, sikeli ɗaya. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Wanda ke zubar da nauyi da gudu har fiye da kilo ɗaya da rabi kowane mako yana ƙara wa kansa hatsarin tsakuwar matsarmama. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok kuwa, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, kada ka haɗa su da ranar ragi.

Bayan wata biyu ko uku saurin zai ragu, don ƙaramin jiki ƙaramin abinci yake buƙata. Kafin ka ɗora laifi kan tsarin, ka yi kwana uku kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka. Sau da yawa za ka tarar 500 ɗin ta zama 900, ko lemon kwalba ya dawo. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taimaka wa suga da hawan jini, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90. In ka kai nan, ka sauko zuwa ranar ragi biyu a mako, daga baya ɗaya, kana ci gaba da hawa sikeli. In kilo 2 suka dawo, ka koma uku na 'yan makonni. In kuma ka yi mako 8 kana bi da gaskiya, amma kullum a galabaice kake, ko mace ta ga al'adarta ta rikice, to a bar shi a koma rage abinci kaɗan-kaɗan kullum, tunda gwajin 2017 ya nuna inda za a je ɗaya ne. Watan Ramadan in ya kama, a ajiye tsarin gaba ɗaya, a yi sahur da buɗa-baki yadda ya kamata, sai bayan Sallah da Sitta Shawwal a ɗora daga kwana biyu a mako.